Rumbun bayanai na ofis: me ke sa shi nawa, kuma yaya ake gyarawa?

Rumbun bayanai shi ne ma'ajiyar da kwamfutocin ofis ke tarayya a kanta wajen karantawa da rubuta bayanai: albashi, haraji, takardun filaye. A ofisoshin Nassarawa GRA da ke Kano, kamar sauran wurare, idan layi ya tsaya akan ce wa jama'a "babu netwok". Sau da yawa laifin ba na intanet ba ne, yana cikin ginin.

Ƙaramin ofis kan ajiye fayil guda na Microsoft Access a kwamfuta ɗaya, kowa na buɗe shi daga teburinsa. Fayil ɗin ba ya wuce gigabait 2, kuma duk da iyakarsa a rubuce mutum 255 ce lokaci guda, nawa kan fara tun ba a je ko'ina ba. Kowace kwamfuta ce ke jawo bayanan ta tace da kanta, kuma mai gyara wani bayani yakan kulle shi ga saura. Ɗaukewar wuta ana tsaka da rubutu na iya lalata fayil ɗin.

Gyaran farko shi ne fihirisa: idan babu ita, neman suna ɗaya na sa a bi duk sunayen da ke ciki. Sai mayar da bayanan kan saba mai PostgreSQL ko SQL Server, wadda ke yin binciken ta aiko da amsa kawai. PostgreSQL kyauta ce. Wayar da ke ɗaukar megabit 1,000 a daƙiƙa ta fi Wi-Fi tabbas.

Kwangilar sayen sababbin kwamfutocin tebur, komai tsadarta, ba ta ƙara fihirisa ko ɗaya.