Kaerimiru

kaerimiru (顧みる, 省みる), fi'ili ne na harshen Japananci mai karɓar maf'uli, an ƙera shi daga kaeri, komowa, da miru, gani. Asalin ma'anarsa waiwaye, kamar yadda matafiyi kan juya ya dubi garin da ya baro, amma a rubutun malamai ya zama tuna abin da ya shige da tafakkuri a kansa.

Abin da ya wajaba ɗalibi ya kiyaye shi ne, ko da yake lafazin ɗaya ne, Japanawa suna rubuta shi da haruffan Sin iri biyu, kuma kowane da inda ya dosa: idan an rubuta 顧みる, ana nufin duban zamanin da ya wuce, ko kula da haƙƙin wani, shi ya sa ake ce wa magidancin da ya yi watsi da iyalinsa katei o kaeriminai, idan kuwa an rubuta 省みる, to mutum ne ke bincikar aikinsa da zuciyarsa, abin da malamanmu ke kira muhasaba. Daga wannan harafi na biyu maɗaba'ar ƙamus ta Sanseido, wadda aka kafa a Tokyo a 1881, ta samo sunanta, saboda wani almajirin Konfushiyas da ke hisabin kansa sau uku kullum.

Shuɗaɗɗen lokaci kaerimita, korewa kaeriminai. A hirar yau da kullum furikaeru, fi'ili mai kusan wannan ma'ana, ya fi yawa, don haka mai koyo ya ajiye kaerimiru don rubutu da jawabi.