Ƙarar Ƙafar Gaba a Tsohuwar Mota: Gano Ta da Gyaranta

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota shi ne kayan da ke haɗa taya da gangar jikin mota, wato shokazoba, sifirin, bol-joyin, tayarod, boris da kuma robobin da ake kira bushin. Za mu yi misali da Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma riƙa harhaɗa ta a Kaduna daga shekarun 1970 har zuwa 2006. Tsarin ƙafarta na gaba ya yi kama da na galibin ƙananan motoci.

Kowace ƙara tana da lokacin da take fitowa, kuma daga nan ake fara bincike. Ƙwanƙwasa a kan gargada, mota na tafiya sannu, yawanci daga robobin sandar da ke hana mota tangaɗi take, ko bushin da ya tsage. Su ne mafi araha a ƙafar, amma abin takaici sau da yawa shokazoba ake fara ɗora wa laifi, mai mota ya kashe kuɗi ƙara tana nan. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu kuwa na boris ne; idan ya tsananta yayin da aka karya kwana hagu, akasari na dama ne ya ci. Ƙas-ƙas a kwana alamar shaf ce a motocin da ke ja da tayoyin gaba, irin su Golf. Ita 504 da baya take ja, don haka kada a nemi wannan a gabanta.

Kafin a kwance komai, a duba notunan taya. Daga nan a ɗaga motar da jak a kan ƙasa mai tauri, a tokare ta da abin da ba zai goce ba, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. A kama tayar ta dama da hagu a girgiza: idan tana wasa, a zargi tayarod ko rak ɗin sitiyari. Sannan a kama ta sama da ƙasa. Idan nan ma akwai wasa, wani ya taka birki a sake girgizawa. Wasan da ya ɓace na boris ne, wanda ya rage kuma ya fi kama da na bol-joyin. Shokazoba kuwa ana gane mutuwarta ta yoyon mai, ko a danna gaban motar a saki ta yi ta lilo.

Bol-joyin ne ya fi kowanne haɗari. Da zarar robarsa ta fashe, giris ya tsere, ƙura da ruwa su shiga su cinye shi. Ranar da ya zare, taya kan kwanta nan take, sitiyari kuma ya daina aiki ko da ana tsakiyar gudu. Saboda haka ba mu goyon bayan al'adar nan ta dukan sa da guduma ko cusa masa roba domin ya yi shiru. Shirun na ɗan lokaci ne, gyaransa kawai shi ne a sauya shi, musamman a motocin haya masu ɗaukar fasinja.

Wajen gyara, ana sauya shokazoba biyu ne tare, dama da hagu. Sifirin da ke kanta a matse yake da ƙarfin gaske, ba a kwance shi sai da abin matse shi. Har ila yau, notunan bushin ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage da wuri. Bayan sauya tayarod ko bol-joyin, wajibi ne a kai motar a yi mata alaimen, domin kada ta riƙa ja gefe guda ko ta cinye bakin taya.