Matani da Maki: Tarihin Karatun Ingilishi a Makarantun Ƙasar Sin

Lokacin da Ingila ta ci ƙarfin daular Qing ta ƙasar Sin da yaƙi, aka zauna a birnin Tianjin a shekarar 1858 domin ƙulla sulhu, cikin sharuɗɗan da Turawa suka gindaya akwai wani wanda bai shafi diyya ko tashar jiragen ruwa ba, amma nauyinsa bai gaza nasu ba, watau cewa in an sami saɓani tsakanin matanin Sinanci da na Ingilishi, to na Ingilishi ne hujja. Ke nan daular da malamanta suka shafe ƙarnoni suna rubuta sharhi a kan sharhi ta wayi gari ana yi mata hukunci da rubutun da da ƙyar za a sami mai iya karanta shi a fadarta. Daga wannan ƙunci ne koyon Ingilishi a hukumance ya faro a ƙasar Sin, kuma tun ran farko muradinsa shi ne fahimtar abin da ke kan takarda.

A shekarar 1862 Yarima Gong ya sa aka buɗe makarantar tafintoci mai suna Tongwen Guan a Beijing, da ɗalibai goma kacal daga gidajen mayaƙan Mancu, ƙabilar sarakunan daular, malaminsu kuwa wani Bature mai wa'azin Kirista, John Burdon. Manyan malamai ba su dube ta da daraja ba, kuma suna da dalilinsu, domin a wancan zamani babbar ƙofar mulki ita ce jarrabawar sarauta da aka gada tun daular Sui, wadda ake kulle mutum a ɗan ƙaramin ɗaki kwana da kwanaki yana zubo haddar littattafan Kwanfushiyas. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe game da waccan jarrabawa shi ne tsananin kishinta ga adalci: ana rufe sunan mai amsa, har ma a sa magatakarda ya kwafe amsar da hannunsa, don kada alƙali ya gane rubutun ɗan abokinsa. An soke ta a 1905, amma wannan kishi bai bi ta kabari ba.

Shekaru saba'in da suka biyo baya, Ingilishi ya yi ta hawa da sauka gwargwadon inda iskar siyasa ta kaɗa. Ya bunƙasa a sakandare bayan an ɗauki tsarin karatun Amurka a 1922. Rashanci ya ture shi bayan 1949. Da zumunci ya ɓaci tsakanin Sin da Rasha sai aka mai da shi kan gaba cikin harsunan waje a 1964. Bayan shekara biyu kuma Juyin Juya Halin Al'adu ya rufe makarantu, ya dakatar da jarrabawar shiga jami'a, da aka sake buɗewa kuwa darasin Ingilishi ya zama galibi kirarin Shugaba Mao da aka juya zuwa harshen baƙi.

Deng Xiaoping, ɗaya daga cikin jagororin ƙasar, shi ne ya dawo da jarrabawar shiga jami'a, wadda ake kira gaokao, a ƙarshen 1977, inda mutum kimanin miliyan 5.7 suka zauna, aka ɗauki wajen 270,000. Da yake mafi yawansu ba su taɓa samun malamin Ingilishi na kirki ba, hukuma ta bi al'amarin sannu a hankali: a 1979 kashi goma cikin ɗari na makin harshen waje aka ƙirga, aka yi ta ƙarawa shekara bayan shekara har ya cika a 1983. Tun daga nan Ingilishi ya zauna sahu ɗaya da Sinanci da lissafi, kuma a yau kowanne cikin ukun yana ɗauke da maki 150.

To, a nan ne mas'alar ta taso. Yaya za a auna harshen miliyoyin yara cikin awa biyu, a duba takardunsu cikin 'yan makonni, ba tare da wani uba ya ce an zalunci ɗansa ba? Amsar ta fito daga lardin Guangdong a 1985, inda masana irin su Gui Shichun da Li Xiaoju suka gwada tsarin tambaya mai amsoshi huɗu, ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya cike gurbinta da fensir, na'ura ta duba. Na'ura ba ta san ɗan gwamna ba, ba ta san ɗan manomi ba. Aikin magatakardan dā ne ta gada. Kuma cikin sassan harshe, fahimtar matani ce ta fi dacewa da wannan ma'auni, domin magana tana bukatar alƙali mai sauraro, insha'i yana bukatar ra'ayin mai dubawa, saurare yana bukatar lasifika mai kyau, har wasu larduna suka daɗe ba sa ƙirga makinsa, alhali karatu takarda da fensir kawai yake nema. Saboda haka ya zama ɗaya daga cikin sassa mafi nauyi: maki 40 a tsohuwar takardar ƙasa, 50 a sabuwa, matani huɗu da tambayoyi goma sha biyar, sa'an nan na biyar wanda aka cire masa jimloli biyar aka ba ɗalibi bakwai ya zaɓa.

Abin da jarrabawa ta fifita, shi aji ke bauta wa. Ɗalibin shekarar ƙarshe yakan haddace kalmomi kimanin 3,500, ya kuma nitse cikin abin da su kansu Sinawa ke kira tekun tambayoyi, yana warware matani bayan matani daga manyan littattafan bita, waɗanda mafi shahararsu ya tara tambayoyin gaokao na shekara biyar da na gwaji na shekara uku. Malamai na koyar da dabaru: karanta tambaya kafin matani, nemi maƙasudi a jimlar farko, yi zargin duk amsar da ta yi da'awa ba togaciya. Masu suka suna cewa wannan ne ya haifar da Ingilishin bebe, watau yaro ya fahimci maƙala kan ɗumamar yanayi amma ya kasa nuna wa baƙo hanyar tasha. Sukan gaskiya ne, sai dai a ganina bai cika ba, domin ɗan ƙauyen lardin Gansu da bai taɓa haɗuwa da Bature ba yana iya yin kafaɗa da kafaɗa da ɗan Shanghai a karatu in ya dage, amma a magana an riga an tsere masa tun yana goye.

Masu tsara jarrabawar ba su toshe kunne ba. A 2016 lardin Zhejiang ya shigo da sabon sashe, inda ake ba ɗalibi labari na kalmomi wajen 350 wanda aka yanke kafin ƙarshensa, a ce ya ƙarasa shi da kalmomi 150 nasa, bisa halayen mutanen labarin da salon marubucinsa. Dabarar zaɓe ba ta da amfani a nan, kuma na'ura ba ta isa ta yanke hukunci ita kaɗai ba, sai an koma ga malamai masu dubawa. Daga 2020 larduna da dama suka bi sahu, kuma ba a daɗe ba masu buga littattafan bita suka cika kasuwa da jerin jimlolin bayyana farin ciki da tsoro da nadama, domin ɗalibai su haddace su kafin jarrabawar watan Yuni.