1985: Shekarar da 'Yan Makaranta Suka Ɗauko Mana Kofin Duniya

Yawancinmu a wannan zaure ba a haife mu ba a lokacin, amma iyayenmu da suka kasa kunne a rediyo suna iya tunawa.

A shekarar 1985, hukumar FIFA ta shirya gasar duniya ta farko ta 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin. Najeriya ta tura yara ƙarƙashin koci Sebastian Brodrick, kyaftin ɗinsu Nduka Ugbade. Suka doke Italiya da ci 1-0, suka yi canjaras da Saudiyya, suka lallasa Kosta Rika 3-0. Daga nan suka fitar da Hungari, sannan Gini a bugun fenareti. Ranar 11 ga Agusta, a birnin Beijin, suka doke Jamus ta Yamma 2-0. Wannan ne kofin FIFA na farko da wata ƙasar Afirka ta ɗauka.

Daga ina yaran suka fito? Daga filayen makarantu da gasannin ƙungiyar matasa ta YSFON, wadda ke shirya Kofin Ramat a Kano don tunawa da Janar Murtala.

To, mu dawo gida. A Karaye da Rogo, yara na taka leda ba takalmi har magariba, sai dai wa ke kallonsu? Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Mu roƙi shugabannin makarantunmu su farfaɗo da gasa tsakanin makarantu, mu kuma mu kare filayen daga masu yanka filoti.

Wace makaranta ce ta fi iya ƙwallo a zamaninku?