Tsakanin Barci da Mutuwa: Waiwaye Kan Ƙagaggun Labaranmu na Farko

Sau da yawa nakan ji 'yan'uwana ɗalibai suna cewa labarin da ke cakuɗa mafarki da mutuwa da zahiri, har mai karatu ya rasa inda yake, fasaha ce ta Turawa. Ni dai ban yarda ba, kuma tarihi ne hujjata.

A ƙasarmu ta Kankiya da Kusada, tun kafin boko, tatsuniya ta saba mana da fatalwa da kurwa da kasuwar aljannu. Da Rupert East ya shirya gasar rubutu a 1933, marubuta ba su yar da wannan gado ba. Ku dubi Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934. Farkonsa tarihi ne tsantsa, wato yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa. Amma da aka ci ƙasa, sai jarumin ya tsinci kansa cikin duniyar aljannu, yana ta samun nasara. A ganina, abin da takobi ya kasa yi a farke, shi alƙalami ya yi a mafarki.

Misali na biyu ya fi kusa da gida, domin mai littafin yana ɗauke da sunan Ingawa, maƙwabciyarmu. A 1951 aka buga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Asalin labarin na Rasha ne, na jarumi Ilya Muromets, amma ya zauna daram a bakin Bahaushe. Iliya ya tashi ba ya iya tafiya, baƙi suka zo, ya miƙe da ƙarfin da ya wuce misali. A ƙarshe kuwa ba a yi masa jana'iza ba, dutse ya zama. To, ya mutu ke nan, ko yana nan? Marubucin ya bar mu da wannan tambaya. Sai bayan shekara guda, a 1952, Amos Tutuola ya fitar da littafinsa na tafiya garin matattu, wanda Ingila ta yi ta yabo.

Saboda haka, ya ku malamai da ɗalibai, mu daina ajiye waɗannan littattafai a ajin firamare. In muka ci gaba da ɗaukarsu labaran yara, wata rana baƙo ne zai zo ya karanta mana su, mu kuma mu biya kuɗin karatu.