Green Eagles a Jajibirin Gasar 1980

Kafin gasar cin kofin Afirka ta 1980, 'yan kallon Najeriya sun gaji da “saura ƙiris”. Ƙungiyar ƙasar, Green Eagles, ta zo ta uku a Habasha a 1976, ta maimaita a Ghana a 1978. Ga kuma takaicin 1977, lokacin da Godwin Odiye ya ci gida a Legas, Tunisiya ta yi nasara.

Sai aka ɗauko koci Otto Glória daga Brazil. Gasa a gida dai ba ta da uzuri.

Ranar 22 ga Maris, a wasan ƙarshe a filin Surulere, Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ɗaya, aka lallasa Aljeriya 3-0. Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa kyaftin Christian Chukwu kofin.