Samaru, Garin da Ya Tashi a Bakin Kubanni

Wanda ya fita Birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya ƙetare gadar Kubanni, ya kama hanyar Sakkwato, in ya yi tafiyar kamar mil takwas sai ya iske kansa cikin Samaru. Yawancinku, 'yan makaranta, kun san ta da manyan gine-gine da cinkoson motoci, har yaro ya zaci tun fil azal haka take. To, ba haka ba ne. Samaru jaririya ce in an gwada ta da Birni, kuma hanyar da ta bi ta girma dabam take da wadda garuruwan kakanninmu suka bi.

A zamanin da, ganuwa ita ce gari. Mutum ya yini a gonarsa, in rana ta yi sanyi ya koro dabbobinsa ya shigo ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana tun ba a rufe ba, don wanda ya kwana waje ya sayar da ransa ga mahara. Wurin da Samaru take yanzu a lokacin nan gonaki ne da ƙananan ƙauyuka, Kubanni kuwa tana gangarowa daga wajen Shika, ta cika da damina, ta janye da rani, har ta je ta zuba cikin Galma.

Da Turawa suka shigo Zazzau a 1902, sai al'amura suka juya. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, baƙi suka taru kusa da tasha aka yi Sabon Gari, daga baya Tudun Wada ta kafu a bakin ganuwa. Tsoron hari ya kau, zama bayan ganuwa ya daina zama kasada.

A 1922 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta kafa wurin gwajin shuke-shuke a Samaru, inda aka fi ba da ƙarfi ga auduga da gyaɗa. Aikin gwaji kuwa yana son hannu da yawa, saboda haka leburori da malaman gona suka zo, suka kafa 'yan bukkokinsu a gefen hanya. Inda ma'aikaci ya sauka, nan mai tuwo da mahauci da mai tireda za su bi shi. Wannan shi ne asalin garin. Har yau irin masara da dawa da gyaɗa da ake fitarwa daga can, sunansu yana farawa da haruffan SAM, watau Samaru, manomi a Katsina ko Bauci yana shuka su ko bai taɓa ganin garin ba.

A 1952 aka kafa babbar kwalejin fasaha da kimiyya ta Nijeriya, aka ajiye reshenta na Arewa a nan. A kan harsashinta ne aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962, Sardaunan Sakkwato kuwa shi ne ubanta na farko. Daga nan sai garin ya buɗe kamar an kwance bakin buhu. Ɗalibai da malamai suka zo daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, har da ƙasashen waje, Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Bajju suna cin kasuwa ɗaya.

Amma fa taro ba ya zama sai da ruwa. Rijiyoyi suka kasa, famfon gari bai wadatar ba. Saboda haka wajen 1973, zamanin da Dokta Ishaya Audu yake shugabancin jami'ar, aka datse Kubanni, ruwa ya taru ya zama tafki a bayan makarantar. Daga cikinsa ake ja, a tace, a tura wa ɗakunan kwanan ɗalibai da gidajen ma'aikata. Kogin da a da yakan ƙafe ya bar rairayi, sai ga shi yana riƙe da ruwa har bazara.

Yanzu dubi yadda tafiya ta juya. Da, da safe a fita Birni zuwa gona, da yamma a komo. Yau ma da safe motocin haya da Keke Napep da babura suna kwasar mutanen Birni da Tudun Wada zuwa aiki a Samaru, waɗansu kuma da ke kwana a Samaru suna gangarawa Sabon Gari, ko su haura Shika, inda asibitin koyarwa na jami'ar ya koma a 2005. Filayen da ke tsakani, su Kwangila da Hanwa da Palladan da Zango, duk gidaje sun cinye su, har baƙo ba ya gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Yawan noma a bakin rafuka da sare itatuwa sun sa ruwan sama yana kwaso ƙasa yana zubawa cikin tafkin, shekara bisa shekara zurfinsa yana raguwa. Rafin da ya ratso ta cikin Samaru kuma yana ɗauke da shara da ruwan kwata, ya kai su can inda ake ɗiban na sha. Wanda ya zubar da juji a lambatu ya ce ya rabu da shi, bai sani ba ya aika da shi ne gaba ya jira shi a randa.

To, 'yan makaranta, ga abin lura. Mutanen Birni sun san ganuwa ita ce ransu, shi ya sa a da sukan fito gayya su gyara inda damina ta zubar. Samaru ba ta da ganuwa, abin da ya tara ta ilmi ne da ruwa. Cikinku akwai waɗanda za su yi karatu a can, su sha ruwan tafkin nan. In kun je, ku riƙe shi yadda kakanninku suka riƙe ganuwarsu: a dasa itatuwa a gaɓarsa, a bar noma har bakin ruwa, a hana zuba shara a rafi. Garin da ya bari tafkinsa ya cike, ko gine-ginensa sun kai sama, da jarka a ka zai wayi gari.